ƘYALLIN MOTA A LUNGU: WA KE BIYAN KUƊINSA?



'Yan'uwa matasa, akwai wata tambaya da ta yawaita a majalisunmu na shan ataya a 'yan shekarun nan, musamman idan hunturu ya kama. Ga mutum Allah Ya hore masa mota mai kyau, ko dai da guminsa ya saya, ko kuwa ɗansa da ke Jamus ko Amurka ne ya ɗoro ta a jirgin ruwa aka sauke ta a tashar Tema, amma gidan da yake ciki gidan haya ne mai ɗakuna barkatai da ƙofa ɗaya, babu gareji, babu ko filin da za a ɗaure tunkiya biyu. To yaya zai yi ya kare fentin motar nan daga rana da ƙura da tsuntsaye da hannun yara? Mai jin wannan tambaya zai ɗauka magana ce ta masu fenti na Kokompe a Akara ko na Suame a Kumasi, ba ta da gurbi a mujalla irin wannan. Mu kuwa da muka zauna muka juya ta, sai muka ga rabinta ne kaɗai na masu fenti, ɗaya rabin na maƙwabta ne. Domin motar da ke kwana a waje ba ta yin ƙyalli a kyauta, kullum akwai wanda yake biyan kuɗin ƙyallin. Abin da muke so mu bincika shi ne, wane ne ya wajaba ya biya?

Kafin mu je can, bari mu sallami wata magana da wasu 'yan'uwanmu suke yi da kyakkyawar niyya. Da zarar sun ga mutum ya duƙufa yana goge motarsa sai su ce, ai wannan duniya ta ci shi, ƙarfe ne fa kawai, gobe zai tafi ya bar shi. Lallai zai tafi ya bar shi, amma haka zai bar rigarsa ma, kuma ba mu taɓa jin wanda ya ce kada a wanke riga saboda za a mutu ba. Abin da muka koya a makarantunmu shi ne cewa son tufa mai kyau da takalmi mai kyau bai shiga cikin girman kai ba, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Mun kuma koya cewa an hana tozarta dukiya. Fenti kuwa ba ado ne kawai ba, shi ne fatar mota. A gari kamar Akara, inda iskar teku take ɗauke da gishiri, duk inda fenti ya ɗaye ƙarfe ya bayyana, tsatsa ba ta ɓata lokaci. Ga kuma matasanmu da yawa waɗanda motar ita ce gonarsu, suna ɗaukar fasinja da Bolt ko Uber, wasunsu ma ba su gama biyan mai ita ba. Ranar da za su sayar, mai saye jikin motar zai fara zagayawa kafin ya ce a buɗe masa inji. Saboda haka mai kula da fentinsa ba mu ga laifinsa ba ko kaɗan. Sakarcin yana wajen wanda ya bar amanar da aka ba shi tana lalacewa alhali yana da ikon gyarawa.

Yana da kyau mu san abin da ake ta wannan wahala a kansa. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa wanda yake kama ƙarfe ya hana tsatsa, akwai mai launi a tsakiya, sannan a sama akwai wani shafi garai-garai marar launi, wanda shi ne yake ba da ƙyallin. Idan aka haɗa su duka, kaurinsu bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita da 'yar ɗoriya ba, wato kamar kaurin takardar da kake riƙe da ita yanzu. Na saman nan mai ƙyalli kuwa bai kai rabin wannan ba. To ka ji abin da ake zage-zage a kansa a lungunanmu, har maƙwabta su shekara ba sa gaisawa.

Babbar abokiyar gabarsa rana ce. A cikin haskenta akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda yake cin wannan shafi na sama a hankali har ya dushe, daga baya ya fara ɓarewa kamar fatar maciji, kuma galibi daga rufin mota da murfin inji yake farawa domin su ne suke fuskantar sama. Sai ƙura. Ƙurar hunturun da take lulluɓe mu daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen Maris, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na arewacin Cadi iska take kwaso ta, inda a zamanin da can akwai babban tafki da ya ƙafe. A ido gari ce mai laushi, amma a cikinta akwai ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Muddin tana kwance a jikin mota ba ta yin wata ɓarna mai yawa. Ɓarnar tana zuwa ne a lokacin da mai motar ya fito da sassafe da busasshen tsumma yana ta gurzawa. Waɗannan zane-zane masu kama da saƙar gizo da ake gani a jikin baƙar mota idan rana ta haska ta, yawancinsu ba yaran unguwa suka yi su ba, mai motar ne da kansa, ko yaron da ya sa ya goge masa. Muna roƙon a riƙe wannan magana, domin za mu dawo kanta.

Idan ka guje wa rana ka shiga ƙarƙashin bishiya, sai ka haɗu da masu bishiyar. Kashin tsuntsu yana da tsami mai cin fenti, kuma idan rana ta gasa shi a jikin mota yakan bar tabon da wanki ba ya fitarwa. Duk wanda ya taɓa ajiye mota a ƙarƙashin manyan itatuwan da ke wajen asibitin sojoji na 37, inda jemagu suke rataye dubbai, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ga ƙaro da 'ya'yan itace da suke ɗiga, ga raɓar asuba da take jiƙa ƙura ta mai da ita taɓo. Gaba kura, baya sayaki.

Duk da haka akwai abin yi, kuma yawancinsa ba ya bukatar gareji. A fara zuba ruwa ya kwashe ƙurar kafin hannu ya taɓa jikin motar. A yi wanki da sassafe ko da yamma lokacin da ƙarfe ya huce, domin ruwan da ya bushe a jiki mai zafi yana barin tabo. A yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye tsumma, don kada yashin da aka kwaso ya koma jikin motar, kuma tsumman da ya taɓa taya ko ya faɗi ƙasa kada ya sake hawa sama. Omo da sabulun wanke kwano suna da ƙarfi, suna wanke man kariyar da aka shafa, gara sabulun da aka yi don mota. Kashin tsuntsu ba a kankare shi, jiƙaƙƙen tsumma ake ɗorawa a kai na 'yan mintoci ya yi laushi, sannan a ɗauke, kuma a ranar da ya faɗo. Bayan 'yan watanni a shafa kakin goge mota, wanda mai kyansa daga ganyen wani irin giginya na arewa maso gabashin Barazil ake samo shi. Masu hali sukan sa a yi musu shafin da ake kira siramik, wanda ya fi kaki daɗewa kuma yana sauƙaƙa wanki, amma kada mai talla ya ruɗe ka, ba ya hana ƙusa ko ƙaho yin aikinsu. Rigar mota tana da amfani ƙwarai, da sharaɗin a sa ta a kan mota mai tsabta, ta zama irin wadda iska take ratsawa, a kuma ɗaure ta tam. Tamfol ɗin leda da ake yafa wa mota mai ƙura, iska tana kaɗa shi dare farai, gurza yake yi, kuma yana tara gumi a ƙarƙashinsa. Wanda bai riga ya saya ba kuwa, muna ba shi shawara ya dubi fara ko ruwan azurfa, sun fi baƙa jure rana da ɓoye ƙura.

Wani abin lura a nan, wanda masu fenti suka sani amma ba kullum suke faɗa wa mai mota ba, shi ne cewa gogewar da ake yi da inji don a fitar da zane ba cike zanen take yi ba. Tana shafe fentin da ke kewaye da shi ne har ya yi daidai da zurfin zanen. Ke nan duk sanda aka goge, shafin nan da bai kai rabin kaurin takarda ba yana raguwa, kuma ba ya tsirowa. Mutumin da ba ya iya haƙuri da ɗan zane ko ɗaya, wanda kowane wata yana wajen masu gogewa, shi ne zai riga kowa ganin fentinsa ya ƙare.

To duk waɗannan da muka ambata, in ka duba, abu ɗaya ya haɗa su: mai motar ne yake biya, da kuɗinsa da lokacinsa da ƙarfinsa. Wannan halas ne, babu mai cewa uffan. Amma akwai wata hanyar kare fenti wadda ta fi wannan arha, kuma ita ce ta fi yawa a tsakaninmu, wato a ɗora wa wasu kuɗin. A nan ne maganar ta bar hannun masu fenti.

Unguwanninmu ba don mota aka yanka su ba. Sabon Zongo da Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20, da Nima wadda ta faro a farkon shekarun 1930 a matsayin masaukin Malam Amadu Futa da shanunsa, an gina su ne don masu tafiya a ƙasa, da masu kaya a ka, da dabbobi. Haka lamarin yake a tsofaffin zangunan Kumasi. Gida ya jingina da gida, abin da ya rage a tsakani shi ne lungu, kuma lungun nan shi ne hanya, shi ne filin wasan yara, shi ne kasuwar mai koko da ƙosai, shi ne wurin zaman makoki da na suna. Ya zo a hadisi cewa idan mutane suka yi saɓani a kan faɗin hanya a bar mata kamu bakwai, wato mita 3 da 'yan kai. Faɗin Toyota Corolla ya kusa mita 1.8, Land Cruiser kuwa tana neman mita 2. Sai mai karatu ya yi lissafi da kansa ya ga abin da ya rage wa jama'a idan aka ajiye ɗayansu a irin wannan hanya, balle a lungunan da ko kamu bakwai ɗin ba su kai ba. Kuma mai tsoron fentinsa ba ya matsawa jikin bango, yakan bar tazara ta kowane gefe don kada a goga. Wannan tazarar daga rabon wa aka yanko ta? Daga rabon mai turin baro, da makaho mai sanda, da masu ɗauke da makara, da motar kashe gobara a daren da Allah Ya kawo tsautsayi.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan babi a buɗe ba, ko da yake a zamaninsu raƙumi da jaki ne abin hawa. Sun yi magana a kan abin da suke kira fina'i, wato ɗan filin da ke manne da bangon gida ta waje. Sun ce mai gida ya fi kowa cancantar amfani da shi, ya zauna, ya ɗaure dabbarsa, ya sauke kaya, amma bai mallake shi ba, ba ya katange shi ya shigar da shi gida, kuma amfaninsa yana tsayawa ne daidai inda cutar da masu wucewa ta fara. Wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, Ibn Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba rigingimun gine-gine da hanyoyi, ya tara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda. A fahimtarmu, wannan ma'auni ya ishi mai mota. Ajiye mota a ƙofar gida ba laifi ba ne a kan kansa. Amma aro ne daga jama'a, kuma mai aro ba ya ɗaga murya.

Sai ga shi muna ganin akasin haka. Mutum ya jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a hanya tun safe, don kada kowa ya tsaya a "wurinsa" har ya dawo da dare. Wani ya kafa ƙarafa ya ɗora kwano ya yi wa mota rumfa a kan kwatar da ruwan unguwa yake bi, ranar da aka yi ruwan sama kuwa ɗakunan na ƙasa da shi ne suke cika. Wani ya wanke mota da asuba, ruwan sabulu da baƙin mai ya gangara ya kwanta a gaban teburin baiwar Allah mai sayar da wake da shinkafa, masu saye suna tsallake. A lokacin da famfo ya ɗauke, mata suna layi da jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da muke kira galan ɗin Kufuor, sai ka ga an aiko yaro ya shiga gabansu domin motar Alhaji ta yi ƙura. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya ganin kansa azzalumi. In ka tambaye shi zai ce dukiyarsa yake karewa, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai da aljihun wani yake kare ta.

Maganar bishiya ta fi ba mu takaici. Dogon yaro ya shekara arba'in a ƙofar gida, dattawa suna hutawa a ƙarƙashinsa bayan azahar, mai gyaran takalmi yana cin abinci a inuwarsa. Rana ɗaya sabuwar mota ta zo, bayan wata biyu sai ka ji ana cewa bishiyar nan tana tara tsuntsaye, tana zubar da 'ya'ya, a sare ta. Fentin da ake sake fesawa a cikin 'yan kwanaki, an fanshe shi da inuwar da sai an shekara ashirin kafin a mai da irinta. Abin dariyar ma shi ne, bayan an sare, rana ce take samun motar kai tsaye, ita kuwa ba ta da ranar hutu kamar tsuntsu.

Amma inda muke so mu daɗe shi ne wajen yara, domin a nan ne abin yake zama zalunci tsagwaronsa. Yaron zango ba shi da filin ƙwallo, ba shi da tsakar gida mai faɗi, lungu kaɗai ya gada. Kafin motar ta zo a nan yake wasa, yayyensa ma a nan suka yi, mai motar kansa a nan ya fasa gwiwa yana yaro. Yanzu an kawo abu mai tsada mai saurin jin ciwo an ajiye a tsakiyar filinsa, an ce masa ya daina zama yaro. Ƙwallo ta taɓa ƙofa, sai mari. An ga zane a jiki, ba a san wanda ya yi ba, sai a kama wanda ya fi kusa, kuma galibi wanda ake kamawa shi ne wanda ba shi da mai tsaya masa: maraya, ko ɗan mai aikatau, ko yaron da aka kawo karatu daga arewa. Ɗan mai gida ba a taɓa shi. Ka tuna kuma abin da muka faɗa a baya, cewa yawancin ƙananan zanen nan daga busasshen tsumman mai motar suke. Sau nawa aka doki yaro a kan laifin tsumma? Zanen da ke jikin mota ana shafe shi da kuɗi kaɗan. Yaron da aka tsinka wa mari a gaban abokansa a kan abin da bai yi ba kuwa, zai girma, kuma zai riƙe abin da ya koya a ranar game da darajarsa idan aka auna ta da ƙarfe. Ba mu san mai fentin da yake gyara wannan ba.

Kada a ce mun ɗauki ɓangare ɗaya. Mai mota ma yana da haƙƙi a kanmu, kuma mu matasa mu ne muka fi tauye shi. Mu ne muke mai da murfin injin mutum kujera idan hira ta yi daɗi, da maɓallan wando da makullai a aljihun baya. Mu ne muke ɗora kofin ataya a kan rufi, mu jingina babur a jikin ƙofa. Ƙannenmu suna rubuta sunayensu da yatsa a cikin ƙura, muna kallo muna dariya, alhali kowane harafi zane ne. Akwai kuma wanda ya fi waɗannan muni, wanda yake bi da dare da ƙusa ya ja layi daga gaba har baya, ba don an yi masa komai ba sai don zuciyarsa ba ta iya ɗaukar ganin ɗan'uwansa da abu mai kyau. Wannan hassada ce, kuma ɓarna ce da sai an biya, ko a nan ko a can. Iyaye su ma kada su fake da cewa yaro ne. A fiƙihu ƙuruciya tana ɗauke zunubi, amma ba ta ɗauke ramuwar abin da aka lalata. Abin da ya dace shi ne uba ya taka da kansa ya ce ɗana ne ya yi, nawa ne gyara, shi kuma mai motar in ya ga hali ya yafe.

Har dabbobi ma akwai maganarsu, ga shi kuwa unguwanninmu ba sa rabuwa da tumaki da awaki, balle gab da Babbar Salla. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik an kawo labarin taguwar Barra'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, aka hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu gona, ɓarnar da dabbobi suka yi da dare kuwa tana kan masu dabbobi. Ba fatawa muke bayarwa ba, wannan aikin malamai ne, kuma gari ba gona ba ne. Amma hikimar rabon a fili take: kowa an ba shi nasa kason na tsaro. Wanda ya ajiye mota da rana a inda ya san akuya tana hawa, ya nemi abin da zai kare ta. Wanda ya saki ragonsa da dare ya je ya ga inuwarsa a jikin ƙofa mai ƙyalli ya kai mata karo, ya shirya biya.

Wani zai ce, to ashe talakan zango kada ya hau mota mai kyau ke nan sai ya gina gida mai gareji? Akwai ƙasar da ta amsa da e. A Japan tun 1962 akwai dokar da ta sa a yawancin garuruwa ba a yi wa mota rajista sai mai ita ya kawo shaidar 'yan sanda cewa yana da wurin ajiye ta wanda ba titi ba, kuma a yau sharaɗin shi ne wurin kada ya wuce kilomita 2 daga gidansa. Ba muna kiran a kawo mana wannan doka ba ne, domin a halin da muke ciki za ta zama wata ƙofar karɓar na goro, kuma za ta hana masu neman abinci da mota sana'arsu. Abin da muka ɗauka a ciki shi ne tunanin da ke ƙarƙashinta, cewa makwancin mota yana cikin kuɗin mota, kamar mai da taya da inshora. Wanda ya yi lissafin sayen mota bai sa makwancinta a ciki ba, bai gama lissafi ba, ya bar wa maƙwabta ne su cike masa gibin. Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai.

Akwai kuma wani abu da mai mota ya kamata ya tsaya ya yi tunani a kai. Kariya daga tsatsa don motar ake yi, amma ƙyalli don idon mutane ake yi. Da a ce mutum shi kaɗai yake zaune a daji, da bai damu da sheƙi ba. Ke nan mutanen da yake kora daga jikin motar su ne dai waɗanda yake so su kalle ta su yaba. Kuma su ne suke tsaron ta ba tare da ya sani ba. A unguwar masu kuɗi katanga da waya mai lantarki suke gadin mota. A zango kuwa tsohuwar da ba ta barci da wuri ce, da mai shayin da yake kaiwa ƙarfe biyu na dare, da samarin da ke hira a bakin lungu, da ladanin da yake fitowa kafin asuba. Ɓarawon madubi da batir, wanda ya san inda zai kai su a sayar kafin gari ya waye, waɗannan idanun yake tsoro. Wanda ba shi da gareji unguwa ce garejinsa. Mun sha ganin motar mutumin kirki, yara da kansu suke hana baƙon yaro taɓa ta, suna cewa ta Baba ce, ita ce ta kai Inna asibiti da dare. Mun kuma ga ta mai faɗa, an kwance mata fitila da tsakar dare, da safe kowa ya ce barci yake yi.

Ga wanda lungunsa ya yi ƙunci ƙwarai, hanyar da ta rage ita ce wadda wasu suka riga suka kama, wato kai mota kwana a gidan mai ko wani fili mai maigadi, a biya, a tako gida da ƙafa. Tafiyar minti goma ba ta kashe kowa. Sai dai a nan ma akwai wanda ake mantawa da shi. Maigadin nan, wanda sau da yawa dattijo ne da ya kai sa'an ubanmu, yana kwana a zaune cikin sanyin hunturu, motar tana da riga shi ba shi da bargo, kuma abin da ake ba shi a wata bai kai kuɗin gwangwanin kaki ɗaya ba. Ranar da aka ga zane kuwa shi ake fara tuhuma. A ƙa'idar amana, wanda aka ba ajiya ba ya biyan abin da ya lalace sai in an tabbatar ya yi sakaci ko ya wuce iyaka, saboda haka ba daidai ba ne a zabge masa albashi a kan zato.

Muna ba masu motoci na kowane lungu shawara su haɗa kai su je su sami shugabannin makarantun da ke kusa da su, na Islamiyya ko na boko, waɗanda filinsu yake zama fayau daga magariba zuwa safe. A yi yarjejeniya a rubuce, da sanin mai unguwa: ga abin da kowace mota za ta biya a wata, ga kason makaranta, ga albashin maigadi da ranar biyansa, a saya masa fitila da bargo da rumfar fakewa idan ana ruwa. A duba jikin kowace mota tare da shi lokacin shiga, don kada a wayi gari ana musu a kan tsohon zane. Kada a yi wanki ko juyen baƙin mai a filin, kuma mota ta ƙarshe ta fita kafin ɗalibi na farko ya iso.